Wata Ashirin da Huɗu

A shagonmu da ke Swansea, kusa da tashar bas,
ruwan sama ba ya sallama,
kullum tabarmar ƙofa a jiƙe take.
Ni ce a bayan kanta, da jar riga da sunana a ƙirji.
Aikina in yi murmushi in ce,
"Ai ba sai ka biya yau ba."

Ranar Talata dattijo Emrys ya shigo,
mai gyaran kwale-kwale, hannunsa duk kanta.
Ya zaro ambulan daga aljihun kwat,
ya lashi yatsa, ya jera fam ɗari da tamanin a kan gilashi.
Na nuna masa babbar, mai ido uku a ƙeya,
talatin da biyu kacal duk wata.
Ya ce, "Wata nawa?"
Na ce, "Ashirin da huɗu."
Ya yi dariya har haƙoran robarsa suka motsa.
"'Yata, ni da likita bai yi min alkawarin baɗi ba?
Kayan aro ba ya rufe katara.
Miƙo ƙaramar.
In ta faɗa teku, tawa ce ta faɗa."

Gethin kuwa ɗan sha tara ne, yaron magina.
Shafi biyar na ƙananan rubutu,
ko layi ɗaya bai duba ba,
ya sa hannu yana shafa kwalin kamar kan jariri.
Wata uku ya dawo,
fuskar wayar ta zama saƙar gizo-gizo,
daga hawa na huɗu ta sulluɓe.
Ya ce, "Yanzu ya za a yi?"
Na juyo masa da kwamfuta ya gani da idonsa:
akuya ta mutu,
saura wata ashirin da ɗaya yana saya mata dusa.

Amma kar ku ɗauka kowa na da ambulan.
Nerys tana kwana jinyar tsofaffi,
'ya'ya biyu, haya, kuɗin wuta.
Ba a taɓa ganin ɗari biyar wuri guda a gidanta ba.
Da wayar ake kiran ta aiki,
da ita take ganin ɗanta ya isa makaranta.
Ta ce, "Na san a ƙarshe zan biya fiye da kuɗinta.
Wanda ba ya iya tsallake rijiya, ai zagayawa yake."
Ta karanta shafi biyar ɗin tsaf, da yatsa,
ta tambaye ni abin da ni ma ban sani ba.

Bashi hanji ne, in ji masu magana.
Nawa ga shi.

Rhodri ne banki ya ƙi,
na ce a rubuta da sunana, ai duk ɗaya ne.
Baƙa ya zaɓa, mafi tsada.
A wata na bakwai ya kwashe takalmansa,
ya bar min caja a jikin bango.

Duk biyar ga wata, da asuba,
fam arba'in da ɗaya kan fita daga asusuna
ba tare da ta tashe ni ba.
Na san maɓallin da ake yanke layi,
sau nawa na danna wa wasu.
Sai dai takardar tana zuwa da lissafin mintuna:
ɗari uku da sha biyu,
zuwa wata lamba da ban sani ba.
Haka nake jin cewa yana raye,
kuma har yanzu ba ya barci da wuri.

Saura wata tara.

Jiya Emrys ya wuce ta bakin taga,
ya ɗaga min 'yar wayarsa, an naɗe ta da leda saboda ruwa.
Da na tashi aiki na biya kantin takardu
na sayi ambulan guda.
Fam goma na fara sakawa.